Andy Serkis Ya Hura Wa The Hobbit Rai

Wallahi duk wanda bai ji Andy Serkis yana karanta The Hobbit ba, wani babban daɗi ya wuce shi. Littafin tsoho ne, tun 1937 J.R.R. Tolkien ya fitar da shi a Ingila. Labarin Bilbo Baggins ne, wani ɗan mitsitsin halitta mai son zaman gida da cin abinci a kan kari, wanda tsohon masihirci Gandalf ya haɗa shi tafiya da wadanni 13 don su ƙwato dukiyar kakannin wadannin daga hannun Smaug, dodon da ke aman wuta. Kafin a buga shi, 'ya'yan Tolkien ne suka fara jin labarin daga bakin mahaifinsu. Shi ya sa idan ƙwararre ya karanta maka shi, nan take za ka gane cewa don kunne aka yi shi.

Ba Serkis ne ya fara ba. Nicol Williamson ya yi nasa a 1974, amma a taƙaice. A 1991 Rob Inglis ya karanta littafin gaba ɗaya, bai tsallake ko layi guda ba, kuma ina ƙaunar wannan aiki har zuciyata. Muryarsa tana da natsuwa irin ta kaka mai ba jikoki tatsuniya bayan sallar isha'i. Ba ya gaggawa, kuma idan ya zo kan waƙoƙin da ke cikin littafin, rera su yake yi da karinsu. Yaron da zai kwanta barci, Inglis za a kunna masa.

Amma Serkis! Shi ne fa wanda ya fito a matsayin Gollum a finafinan Peter Jackson. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, ya zauna ya karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe kai-tsaye a intanet, kusan awa 11, don tara kuɗin taimaka wa ma'aikatan lafiya na Birtaniya da wata ƙungiyar kula da yara. Daga nan kamfanin HarperCollins ya ɗauki muryarsa a situdiyo, aka saki aikin a watan Satumba na shekarar.

Mutum ɗaya ne, amma sai ka rantse taro ne a ɗakin. Thorin, shugaban wadannin, yana magana da isa da ƙasaitar ɗan sarki da aka raba da gadon mulki. Ƙattan nan uku da suka kama wadannin suna gardamar yadda za su dafa su, dariya har sai cikinka ya ƙulle. Smaug kuwa, muryarsa daga can ƙasan ƙirji take fitowa, a hankali, cike da girman kai, har ka fahimci abin da ya sa gwiwar Bilbo take rawa. Sannan babi na 5, inda Bilbo da Gollum suke kacici-kacici a bakin tafkin ƙarƙashin dutse, ran Bilbo ne a kan caca. Serkis yana sauya murya tsakaninsu cikin numfashi ɗaya: ga rawar bakin mai tsoro, ga huci da kakarin mayunwacin da ya ƙosa ya ci nama. Tsigar jikina tashi take yi duk lokacin da na koma wajen. Abin da ya ƙara mini daɗi, akwai faifan da Tolkien da kansa ya naɗa a 1952 yana karanta wannan babin, shi ma da hucinsa da komai. Ashe marubucin ma haka yake jin Gollum a kansa.

Wasu suna cewa Serkis yana ɗaga murya da yawa, yanzu raɗa, an jima ihu. Gaskiya ne, kuma ni abin da nake so ke nan, domin ba a faɗa da gizo-gizon dajin Mirkwood da sanyin murya. Karatun na situdiyo sama da awa 10 ne, amma ban ji gajiya ko ta minti ɗaya ba. Daga cikin sauran littattafan Tolkien, a 2021 ya karanta The Lord of the Rings duka, a 2023 ya ƙara da The Silmarillion, kuma ni tuni na faɗa cikinsu.