Sansanin Kiɗa na Bazara: Inda Gwanin Gida Ke Koyon Sauraro

Da zarar makarantun Turai da Amurka sun tafi dogon hutu a watan Yuni ko Yuli, dubban matasa kan saɓi kayan kiɗansu su nufi sansani. A can ake haɗa su cikin okestura, wato babbar ƙungiyar makaɗa da kan kai mutum 80 zuwa 100, masu goge da masu busa da masu ganguna, duk a ƙarƙashin madugu guda. Makonni kaɗan ake ba su, sannan su fito gaban jama'a da kiɗan da manya suka yi shekaru suna gogewa a kansa.

Al'adar ta kusa shekara ɗari. A 1928 Joseph Maddy ya buɗe sansanin Interlochen a dajin jihar Michigan don ɗaliban sakandare, kuma har yau da kiɗan Les Préludes na Franz Liszt ake rufe zangon kowace shekara. A 1940 Serge Koussevitzky, madugun okesturar Boston, ya kafa makarantar bazara a Tanglewood, kuma cikin ɗaliban farko akwai wani saurayi mai suna Leonard Bernstein, wanda daga baya ya shahara. Ingila ta biyo baya a 1948, lokacin da Ruth Railton ta kafa okesturar matasa ta ƙasa.

Abin da ya sa al'adar ta daɗe yana bayyana ne tun a zaman farko. Yarinyar da ta fi kowa iya goge a garinsu, wadda ta saba da tafi ita kaɗai, sai ta tsinci kanta a layi na biyar cikin masu goge 16. Ita da maƙwabciyarta takardar kiɗa ɗaya suke kallo, kuma wadda ke zaune ta ciki ce za ta dakata ta juya shafi yayin da ɗayar ke ci gaba. Kafin a fara, mai busa obo, wani abin busa ɗan uwan algaita, zai saki sauti guda, kowa ya daidaita kayansa da shi. Fensir na ajiye a gaban kowa, domin duk gyaran da madugu ya faɗa a nan take ake rubuta shi.

Mai kuge kuwa yana iya zama minti goma yana ƙirga a zuci, don bugu ɗaya tak. In ya makara da ƙiftawar ido, duk zauren zai ji.

A nan darajar sansanin take. Malamin gida yana koya wa yaro yatsu da numfashi, amma ba shi da hanyar koya masa yadda zai sassauta sautinsa domin a ji sarewar da ke can gefe. Sai an zauna cikin taro ake koyon wannan, shi ya sa ake raba yini gida biyu ko uku: kowane rukuni ya keɓe da ƙwararren malaminsa, daga baya a haɗu gaba ɗaya, da dare kuma yaro ya koma ɗaki ya maimaita wurin da ya gagare shi.

Madugu Daniel Barenboim da marubuci Edward Said sun ɗauki wannan darasi suka kai shi inda ya fi wuya. A 1999, a birnin Weimar na Jamus, suka tara matasan Isra'ila da Falasɗinu da wasu ƙasashen Larabawa a zangon bazara guda, abin da ya zama okesturar West-Eastern Divan. Daga 2002 ta koma taruwa a Seville ta ƙasar Sifen, a 2005 kuma ta yi wasa a Ramallah. Ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba, kuma akwai Falasɗinawa da suka soke ta da cewa tana lulluɓe zaluncin mamaya da daɗin kiɗa. Sukar tana da nauyi. Duk da haka, samari da 'yan matan da aka rene su da tsoron juna sun zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana juya wa ɗaya shafi.

Sansanin yana da nasa aibi. Kujera a okestura matsayi ce, kuma da jarrabawa ake samun ta. A da, Interlochen ta daɗe da tsarin da na baya ke ƙalubalantar na gaba kowane mako don ƙwace kujerarsa. Gasa irin wannan tana kaifafa wasu, tana kuma karya zuciyar ɗan shekara 15 da ya fara ganin kimarsa ba ta wuce lambar kujerarsa ba. Ga ciwon wuya da kafaɗa da dogon atisaye ke jawowa.

Babban aibin shi ne kuɗi. Kafin yaro ya isa ƙofar sansani, iyayensa sun yi shekaru suna biyan malami da sayen kayan kiɗa masu tsada, don haka 'ya'yan masu hali ne suka fi cika kujerun. An fara gyara. Okesturar matasan Amurka da zauren Carnegie ya kafa a 2013, don 'yan shekara 16 zuwa 19, kyauta ce ga duk wanda ya ci jarrabawa. A Ingila, Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa okesturar Chineke! a 2015 tare da reshen yara, domin baƙaƙen fata da sauran tsiraru su sami wurin zama. Sheku Kanneh-Mason, wanda ya yi wasa da ƙungiyar, shi ne baƙar fata na farko da ya lashe gasar matashin makaɗi ta BBC a 2016.

Sansanin bazara ya tabbatar da cewa ya iya mayar da gwanaye ɗaiɗai ƙungiya guda cikin 'yan makonni. Aikin da ya rage masa shi ne neman yaran da ke da kunne da himma amma ba su da kuɗin malami, tun suna firamare, domin tallafin da ya jira har ranar jarrabawa ya riga ya makara.