Akta da Bos: Tsokaci a kan Jarumin Fina-finan Kaboyi

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Herwagana cikin garin Gombe ya san wasan da yara kan yi bayan an tashi daga kallo: a haɗa bindigar kara, wannan ya zama akta, wancan bos. Kowa akta yake so, domin a ƙa'idar wasan akta ba ya mutuwa. Fina-finan kaboyi sun daɗe a ƙasar Hausa. A Kano, inda aka buɗe silimar Rex a 1937, sun ci kasuwa kafin na Indiya su mamaye fage. Manufarmu a nan ita ce mu dubi irin jarumin da suka gina mana.

Tarihi da Kirari

A ranar 26 ga Oktoba 1881, a garin Tombstone na yankin Arizona a Amurka, Wyatt Earp da 'yan'uwansa biyu da abokinsa Doc Holliday suka yi musayar wuta da abokan gabarsu. Cikin kimanin daƙiƙa 30 mutum 3 suka mutu. Earp ɗan caca ne, kuma da aka kashe ƙanensa Morgan a 1882, sai ya bi waɗanda yake zargi ya harbe su ba tare da ya gurfanar da su gaban alƙali ba. Amma littafin Stuart Lake na 1931, da fim ɗin My Darling Clementine na John Ford a 1946, da Gunfight at the O.K. Corral na 1957, sun wanke shi tas, suka mayar da shi garkuwar talaka.

A fahimtarmu, wannan aikin maroƙi ne. Bambancin shi ne, Bahaushe ya san maroƙi don kyauta yake kirari, saboda haka yana tace abin da ya ji. Shi kuwa fim, da yake ido ke gani, mai kallo kan ɗauke shi tamkar shaida. A High Noon na 1952 alƙali ya tattara kayansa ya gudu, mutanen gari suka noƙe, aka bar Gary Cooper ya tari maharan. Fim ɗin ya ƙayatar wajen tsari, domin agogon bango ma yana ƙara wa mai kallo fargaba. Sai dai jigonsa mai ɗaci ne: jama'a matsorata ce, bindiga ce ke raba gardama.

Kammalawa

Ba mu ce silima ce ta haifi 'yan Kalare da suka addabi Gombe, musamman a zaɓukan 2003 da 2007, ko 'yan sa-kai na Zamfara ba. Talauci da siyasa da raunin shari'a sun fi kusa da laifin. Amma tunanin ɗaya ne: kowane mai makami akta yake ɗaukar kansa, abokin gabarsa kuma bos. Don haka muna kira ga ɗalibai masu rubuta gajerun labarai da wasannin kwaikwayo, idan jaruminsu ya yi kisa, su shigar da mu gidan mamacin mu ga zaman makoki, sannan su kai shi gaban alƙali.