Fada ko Faɗa? Sharhi a Kan Muhawarar 'Yancin Intanet da Haruffa Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a majalisun samari na cikin Birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, ya san cewa hira biyu ake yi a lokaci guda, wato ta baka da ta yatsa. Ana cikin gardama da na kusa, ana kuma aika martani ga wani a Kano ko Maraɗi ta wayar hannu. Wannan maƙala sharhi ce a kan hirar ta biyu, musamman ɓangarenta da ya shafi labaran na'urori da manhajoji da 'yancin jama'a a intanet. Za mu faɗi abin da ta yi na yabo, sa'an nan mu nuna wani babban giɓi da ke cikinta, wanda a ganinmu ya shafi Zariya fiye da kowane gari a ƙasar Hausa.

Abin Yabo

Shekarar 2021 ce ta fito da ƙarfin wannan muhawara fili. A ranar 4 ga Yuni Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a kuwa ɗage dokar ba sai 13 ga Janairu, 2022. A watan Yuli na shekarar, kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Haka kuma a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, daga baya aka yi haka a wasu sassa na Katsina da Sakkwato da Kaduna, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa.

A kan waɗannan al'amura Hausawa sun yi gardama mai ma'ana a Facebook da WhatsApp. Wasu suka ce tsaron rai yana gaba da hira. Wasu suka ce ɗan kasuwar da aka yanke wa waya, da mai haƙuri da ba shi da halin kiran ɗan'uwansa, su ma rayuwarsu aka taɓa. An kawo hujja, an rushe hujja, kuma duk da Hausa. Rabon da a ga talaka yana mai da wa hukuma magana a rubuce da yawa haka, tun zamanin wasiƙun masu karatu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda su ma sai edita ya zaɓa. Wannan ci gaba ne, ba mai musunsa.

Inda Gizo ke Saƙa

Amma a dubi yadda aka rubuta muhawarar. Mai neman haƙƙin ɗan ƙasa sai ya rubuta "dan kasa". Mai cewa a kai ƙara kotu sai ya rubuta "kai kara", kamar mai shirin yin danga. Haruffa uku na Hausar boko, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun ɓace daga mafi yawan abin da ake rubutawa, kuma da wuya a ji wani daga cikin masu kukan 'yanci ya lissafa wannan a cikin abubuwan da aka tauye masa.

Ga misalin da kowane Bazazzagi zai gane. In aka aiko maka da saƙo cewa "an yi fada a fada", dole ka tsaya ka yi wa kanka fassara: faɗa aka yi a fadar Sarki, ko kuwa me? In aka ce "ya bata kudi", ɓarna ya yi ko kyauta, tun da yake masu irin wannan rubutu sukan haɗa "ba" da "ta"? Haka abin yake tsakanin baki da baƙi, kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Ƙugiyar nan ita ce ke raba sauti da sauti, ma'ana da ma'ana. Matsayin ɗ a Hausa daidai yake da matsayin kowane baƙi a cikin abacada.

Abin lura kuma shi ne, su kansu marubutan sun san akwai abin da suka rasa. Shi ya sa wasu ke sa lamba 6 a madadin ɓ, wasu su sa q a madadin ƙ, wasu kuma su maƙala waƙafi a gaba ko a bayan d. Ta haka kalma ɗaya ta sami fuska huɗu: ƙasa, kasa, qasa, k'asa. Wanda ya nemi wani bayani da ɗaya daga cikinsu, ba lalle na'ura ta kawo masa abin da aka rubuta da sauran ukun ba. Ke nan muhawarar da aka sha wahalar yi ta warwatse, mai bincike na gobe ba zai same ta wuri guda ba.

Alhakin Zariya

Dalilin da ya sa muka ce abin ya fi shafar Zariya shi ne, a nan aka tsayar da waɗannan haruffa. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun yi ta kame-kame, wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna sa waƙafi a gabansa. A cikin shekarun 1930, lokacin da Dokta R. M. East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka zaɓi ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur a 1945, su suka watsa wannan ƙa'ida har ta zama jiki ga masu karatu. Daga baya taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka ƙara ƙarfafa ta, har Jamhuriyar Nijar ma ta tsaya a kan ƙugiyar, ta kuma ƙara da harafi na huɗu, wato ƴ, inda mu muke rubuta 'y.

A wancan zamani kowane harafi sai an zuba shi da dalma kafin ya hau takarda. Duk da haka magabata suka jure, domin kada Ganɗoki ya koma Gandoki. Yau kuwa aikin bai wuce danna yatsa ba. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa a cikin kwamfuta, ya shigar da haruffan nan manya da ƙanana. Manhajojin rubutu na waya irin su Gboard suna da Hausa a cikin jerin harsunansu. To, ashe abin da ya gagari jikoki a cikin ganuwa bai kai rabin abin da kakanni suka yi a bayanta ba.

Hujjar Masu Musu

Adalci ne mu kawo hujjar waɗanda ba su ga aibi a nan ba, domin hujjar tana da nauyi. Suna cewa Bahaushe yana gane abin da ake nufi daga zubin magana. Suna kuma tunasar da mu cewa malaman cikin birni sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami, inda yawancin marubuta ba su bambanta b da ɓ ba, kuma ba a fasa karantawa ba. Daɗin daɗawa, ita kanta Hausar boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma ba wanda ya ce ta lalace.

Amsarmu ita ce, wannan hujja ta ƙarshe a kansu take komawa. Tun da boko ya riga ya bar wa mai karatu cankar abu biyu, wato kari da tsawo, ƙara masa na uku zalunci ne. Kalmar "fada" ko da ƙa'ida aka rubuta ta tana bukatar lura, balle an zuba "faɗa" a cikinta, wadda ita ma ta ƙunshi husuma da furuci da faɗawa rami. Game da ajami kuwa, mai karanta shi almajiri ne da ya ɗauki karatu daga bakin malami, yana da wanda zai gyara masa. Yaron da ke koyon rubutun Hausa daga waya ba shi da kowa sai abin da idonsa ya gani. Ni kaina, a takardun jarrabawar ɗalibai da nake dubawa, ina cin karo da masu nazarin Hausa waɗanda ƙugiya ta zame musu ado, in sun tuna su sa, in sun manta shi ke nan.

Akwai kuma wani sabon mai karatu wanda masu wannan hujja suka manta da shi, wato ita kanta na'urar. Tun Disambar 2013 Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara. Irin waɗannan manhajoji, da masu karanta rubutu da murya domin makafi, da masu amsa tambaya, daga rubutun da mutane suka zuba a intanet suke koyon harshe. In muka ciyar da su Hausa marar ƙugiya, ita za su dawo mana da ita, da sunan daidai, ga yaran da suka fi gaskata waya bisa ga malami.

Ƙugiya a Matsayin Haƙƙi

A nan ne batun ya haɗu da 'yancin da ake muhawara a kai. Tun daga Disambar 2020, da aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, sunayen miliyoyin Hausawa suka shiga rumbunan kwamfuta. Sai mai karatu ya duba katunan da ke aljihunsa ya gani, a cikinsu nawa ne suka rubuta Ɗahiru ko Ɗanladi ko Ɗanjuma yadda iyaye suka raɗa ranar suna? Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum damar neman a gyara bayaninsa in an rubuta shi ba daidai ba. A ganinmu sunan da aka yanke wa ƙugiya yana cikin abin da ya cancanci gyara, kuma wannan magana ce da ya kamata masu muhawara su ɗauka da irin zafin da suka ɗauki maganar Twitter. An rufe Twitter wata bakwai aka buɗe. Ƙugiya kuwa kullum ake yanke ta, ba tare da sanarwa ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Masu ƙera waya da masu tsara takardun rajista sun yi mana rowa, da yake ba su sa haruffanmu a inda hannu zai kai gare su da sauƙi ba. Mu kuma mun yi ƙiwuya, domin abin da aka riga aka tanada ma ba mu ɗauka ba. Saboda haka muna kira ga masu jan ragamar muhawara, waɗanda dubbai ke karanta su, su fara da wayoyinsu. Muna kira ga malaman Hausa, daga firamare har jami'a, su koya wa ɗalibai yadda ake fito da ɓ da ɗ da ƙ a waya kamar yadda suke koya musu da alli. Editoci kuma kada su bar rubutu ya wuce su babu ƙugiya. In mutanen Zariya suka riƙa rubuta Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan yadda suke furta su, sun fara biyan bashin da ke kansu. Allah ya sa mu dace.