Bugun Kusa da Rami: Hujjata ta Fifita Ballesteros

Wasan golf, ko da yake ya daɗe a Kano tun zamanin Turawan mulki da suka yanka masa fili a wajen Nasarawa, bai taɓa samun gurbi a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba, inda ƙwallon ƙafa da dambe da siyasa suka cinye bakin kowa, sai a 'yan shekarun nan da waya ta shiga hannun samari, ta riƙa kawo musu gajerun bidiyoyin ƙarti majiya ƙarfi suna narka wa ƙwallo sanda tana cin yadi 350 kafin ta sauka. Wannan shi ne abin da ke burge yaran, shi ne kuma abin da masu ƙera sanduna ke talla, har ta kai ga hukumomin nan biyu da ke kula da dokokin wasan a duniya suka sanar a Disambar 2023 cewa za su rage wa ƙwallon kanta gudu. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne yadda wannan ɗoki na bugun nesa yake binne sashen da ya fi kowanne ɗaukar hikima a wasan, wato bugun kusa, lokacin da ƙwallo ta faɗa ramin yashi ko ta nutse cikin doguwar ciyawa, ramin da ake nema yana taku ashirin ko talatin, ƙarfi bai da sauran amfani, sai tausasa hannu da sanin halin ƙasa.

Masana wasan ba su yi ijma'i a kan wanda ya fi kowa a wannan fanni ba, kuma kowane ɓangare yana da dalilinsa. Akwai masu riƙe da Gary Player na Afirka ta Kudu saboda gwanintarsa ta fita daga yashi. Akwai masu kawo bugun da Tiger Woods ya yi a rami na 16 a gasar Masters ta 2005, wanda ƙwallo ta gangaro sannu a hankali, ta tsaya a leɓen rami kamar ba za ta shiga ba, sannan ta faɗa. Mafi yawan samari kuwa suna tare da Phil Mickelson, Ba'amurken nan mai bugu da hagu, wanda yakan shimfiɗe fuskar sanda ya cilla ƙwallo sama ta dawo ta zauna inda ta sauka. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu, amma idan aka ce in yi hukunci, to na ba Severiano Ballesteros, ɗan ƙauyen Pedreña na arewacin Sifen, wanda aka haifa a 1957, ya rasu a 2011.

Hujjata ta farko ita ce yadda ya koya. Mickelson ya tashi a gidan da mahaifinsa ya gyara masa wurin gwaji a bayan ɗaki, alhali shi Ballesteros yaro ne mai ɗaukar jakar masu kuɗi, an hana irinsa buga wasa a filin da suke wa hidima, ba shi da komai sai tsohuwar sanda guda ɗaya, mai lamba uku, wadda asalinta don bugun nesa aka ƙera ta. Da ita yake zuwa bakin teku yana dukan tsakuwa a kan rairayi, da ita yake satar shiga filin idan farin wata ya fito, kuma da yake doka ta yarje wa ɗan wasa ya riƙe sanduna goma sha huɗu shi kuwa ɗaya gare shi, tilas ta sa ya koya wa hannunsa aikin sauran goma sha ukun: ya karkatar da fuskar sandar, ya durƙusa, ya sassauta riƙo, har ta ɗaga masa ƙwallo daga yashi, abin da wasu ke kasawa da sandar da aka yi musamman domin haka.

Abin da ya koya a rairayin ne ya bayyana a gaban duniya. A 1976, yana ɗan shekara 19, a rami na ƙarshe na gasar Open a Birkdale, maimakon ya ɗaga ƙwallo sama kamar yadda kowa zai yi, sai ya gangaro da ita ta siririyar hanya tsakanin ramukan yashi biyu, ya gama na biyu kafaɗa da kafaɗa da Jack Nicklaus. A gasar Open ta 1979 a Lytham ƙwallonsa ta faɗa cikin wurin ajiye motoci a rami na 16, ya fito da ita daga can, ya ci ramin, ya ci gasar. A 1988 a wannan fili dai, bugun kusa ne a rami na ƙarshe, wanda ya tsaya dab da leɓen rami, ya raba shi da Nick Price. Sauran gwanaye suna da bugu ɗaya ko biyu da aka san su da shi. Shi kuwa kowace matsala sai ya ƙago mata maganinta a nan take.

Na san akwai wani malamin jami'ar Columbia, Mark Broadie, da ya auna bugu masu ɗimbin yawa ya nuna cewa fifikon manyan 'yan wasa ya fi fitowa daga bugun nesa, kuma ba na jayayya da lissafinsa. Sai dai lissafin an yi shi ne a filayen da ake shayarwa dare da rana, ba a ƙasa irin tamu ba, wadda idan hunturu ya kama takan bushe ta yi tauri har sanda ta yi tsalle a kanta. A da, a filayen Najeriya da dama, kewayen rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai ake sharewa a daidaita, kuma a kan irinsa Sandy Lyle ya ci gasar Najeriya a Ikoyi a 1978. A irin wannan ƙasa, wanda ya iya gangaro da ƙwallo shi ne sarki, cillawa sama kuwa ganganci ne.

Shi ya sa nake ganin yaranmu masu ɗaukar jaka sun fi kusa da Ballesteros fiye da yadda suka sani. Na ga wani daga cikinsu, ɗan Tarauni, yana jiran ubangidansa a gindin darbejiya, ya ɗauki sanda ɗaya yana ta tura ƙwallo zuwa ga murfin kwalba da ya ajiye a ƙasa, kowane bugu da irin yadda yake juya wuyan hannunsa. Da na tambaye shi wa ya koya masa, sai ya rusuna ya ce, "Baba, ai ƙasar ce take gaya wa mutum, in ta yi tauri ba a ɗagawa." Roƙona ga masu hali da ke buga wasan nan a Kano shi ne, kafin su sake sayen sabuwar sandar bugun nesa daga Dubai, su ba irin wannan yaro tsohuwar sandarsu guda, su nema masa izinin shiga fili ko da sau ɗaya a mako bayan la'asar, su kuma shirya wa masu ɗaukar jaka gasar bugun kusa tasu ta kansu.