Kwarin Ƙasƙanci Sau Biyu: Girman Kai, Tawali'u da Barantaka Cikin Littafin John Bunyan

Cikin littattafan Kirista da aka rubuta da Turanci, kaɗan ne suka yaɗu kamar The Pilgrim's Progress, watau Tafiyar Mai Ibada, wanda John Bunyan ya wallafa. An haifi Bunyan cikin 1628 a ƙauyen Elstow kusa da Bedford a Ingila, sana'arsa kuwa gyaran tukwanen ƙarfe. Cikin 1660 aka kama shi saboda yana wa'azi ba da iznin hukuma ba, ya zauna kurkuku har 1672, don ya ƙi yin alkawarin zai daina. Kashi na farko na littafin ya fito cikin 1678, na biyu cikin 1684. Labarin mafarki ne, kowane mutum a ciki sunansa shi ne halinsa, don haka aka juya sunayen da Hausa a nan.

Malaman Kirista tun da daɗewa sun ɗauki girman kai shi ne tushen zunubi. Haka Agustin ya koyar, wanda ya rasu cikin 430, haka kuma Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu cikin 604. Maganinsa a wurinsu shi ne koyi da Almasihu, wanda Bulus ya ce cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa ga Filibiyawa ya ɗauki surar bawa, Yahaya kuma ya ba da labari cikin sura ta 13 yadda ya wanke ƙafafun almajiransa. Koyarwar tana da fuska biyu ke nan: ƙanƙan da kai gaban Allah, da yi wa ɗan'uwa hidima. Abin tambaya shi ne ko Bunyan ya riƙe duka biyun.

Wurin da ya kamata a duba shi ne kwarin da matafiya su ke gangarawa bayan sun bar Fada Mai Kyau. Sau biyu labarin ya bi ta cikinsa, kamanninsa kuwa ba ɗaya ba ne. A kashi na farko fagen fama ne. Nan Kirista ya gamu da dodo Afoliyon, kafin su kai ga makami kuma sai da suka yi muhawara irin ta ubangida da baransa da ya gudu. Dodon ya ce Kirista talakansa ne, ya yi masa tayin gyara lada in ya komo. Kirista ya amsa cewa ya riga ya shiga barantakar wani Sarki, ya kuwa fi son aikinsa da ladansa. A wurin Bunyan ba mutumin da ba shi da ubangida. Zaɓin da ke akwai shi ne wanda za a bauta wa.

Sa'an nan dodon ya shiga lissafa laifofinsa: ya karaya a cikin taɓo, ya nemi sauke kayansa ta hanyar da ba ta dace ba, ya yi barci ya yar da takardarsa, ya kusa juyawa da ya ga zakoki. Zargi na ƙarshe ya fi duka kaifi, cewa duk sa'ad da ya ke ba da labarin tafiyarsa, cikin zuciyarsa yabo ya ke nema. Kirista bai yi musu ba. Ya amsa duka, ya ƙara da cewa akwai waɗansu da dodon ya bari, amma Sarkinsa mai gafara ne. Nan gwanintar Bunyan ta fito fili, domin mai zargi ba shi da sauran abin riƙewa ga wanda ya riga ya amsa laifinsa. Don haka dodon ya bar magana ya hau fushi.

Bunyan bai bar zargin nan ya tafi a banza ba. Ba da jimawa ba Kirista ya hango Amintacce a gabansa, ya yi gudu ya wuce shi, ya yi murmushin fahariya. Nan take ya yi tuntuɓe ya faɗi, bai iya tashi ba sai da wanda ya wuce ɗin ya zo ya ɗaga shi. Cikin 'yan layuka kaɗan aka gaskata dodon, aka kuma nuna girman kai rawanin tsiya ne, ba tare da an tsaya yin wa'azi ba.

A kashi na biyu, da matar Kirista da 'ya'yansa suka iso, sai suka tarar kwarin makiyaya ce mai ɗanyar ciyawa da furanni, ga wani yaro makiyayi sanye da tsumma yana waƙa cikin wadar zuci. Jagoransu, Jarumi, ya bayyana musu cewa ba kwarin ne ya jawo wa Kirista yaƙi ba, zamewar da ya yi ne wajen gangarowa. Malam Matsoraci kuwa, wanda ya sha wuya a ko'ina, nan ya sami sakewa har yana rungumar ƙasa. Hausa tana da kalmomi biyu da su ke warware wannan. Wanda aka tura ƙasa ba da sonsa ba, ƙasƙanci ya gani. Wanda ya sauko da kansa, tawali'u ya yi. Ƙasa ɗaya ce, sauka ce ta bambanta. Duk mai juya littafin zai tilasta ya zaɓi ɗaya, ya yi hasarar ɗaya.

Akwai wani tarko kuma ga malamin da ke koyar da littafin. A cikin kwarin nan Amintacce ya gamu da wani mai suna Kunya, wanda ya dame shi ƙwarai. Ga Bahaushe kunya ado ce, rashinta ne abin zargi, saboda haka ɗalibi zai yi mamakin ganinta cikin abokan gaba. Amma Kunyan Bunyan tsoron dariyar manya ne. Hujjarsa ita ce masu ibada yawancinsu talakawa ne marasa ilmi, kuma zubar da girma ne mutum ya roƙi maƙwabcinsa gafara kan ƙaramin laifi. Wannan girman kai ne ya sake riga. Haka nan ba daidai ba ne a fassara tawali'un littafin da karin maganar durƙusa wa wada, domin mai durƙusawar nan yana jiran ya miƙe da tsawonsa ne.

Kada kuma a ɗauka tawali'u a nan yana nufin bin na gaba ido rufe. Miyagun littafin galibi masu sarauta ne da masu hali, kamar alƙalin da ya yanke wa Amintacce hukuncin kisa a Kasuwar Banza. Shi ya sa masanin tarihi E. P. Thompson, cikin 1963, ya lissafa littafin cikin tushen gwagwarmayar ma'aikatan Ingila. Mutumin da ya yi shekara 12 a ɗaure don ya ƙi bin umurnin hukuma ba ladabin fadanci ya ke koyarwa ba.

Duk da haka kashi na farko yana da rauni. Tawali'un Kirista tsakaninsa da Allah ne kawai. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ba a kuma cika ganinsa yana ɗauke wa wani kaya ba. Yadda ya ke magana da Jahili, saurayin nan mai salla da azumi da sadaka wanda ya dogara ga ayyukansa, akwai tsanani a ciki. Bisa ga aƙidar Bunyan dogara ga aikin kai shi ne girman kai mafi ɓoyuwa, don haka aka jefa Jahili wuta daga bakin ƙofar Birni. Hujjar ta tsaya, amma mai karatu yana jin ƙanshin isa a muryar mai gyara, ba a kuwa sa kowa ya yi tuntuɓe a nan ba.

Kashi na biyu ne ya cike giɓin. Jarumi, duk da ƙarfinsa, baran gidan Mai Fassara ne. Da ya kai matafiya iyakar inda aka umurce shi sai ya koma, bai dawo ba sai da aka sake aiko shi. Rahama tana ɗinka wa matalauta tufafi har mai neman aurenta ya gudu. Da Mai Raunin Zuciya ya ji tsoron zai zama nauyi, sai ayarin ya yi alkawarin jiransa, suka kuma ɗauki gurgu mai sanduna. Nan ne a ke ganin kwano da ruwan wanke ƙafa.

Saboda haka malamin da ya tsaya a kashi na farko, kamar yadda gajerun bugu da yawa su ke yi, rabin koyarwar ya ba ɗalibansa. Za su san yadda mutum ke amsa laifinsa gaban Ubangijinsa, amma ba za su ga yadda mai ƙarfi ke rage saurinsa don gurgu ba. Shekara 6 ke tsakanin kashin biyu, kuma sai an karanta su tare sa'an nan a san iyakar abin da Bunyan ya fahimta game da barantaka.