Tsokaci a Kan Awon Ɗalibi a Sabuwar Manhajar Injiniyancin Sinadarai

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan manhajar CCMAS, wadda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, musamman ɓangaren injiniyancin sinadarai. Manhajar ta zo da abin yabo, domin a ƙarƙashin kowane kwas an zayyana abubuwan da ake sa ran ɗalibi zai iya yi bayan ya kammala. Wannan ya dace da tafarkin da majalisar injiniyoyi, wato COREN, ta bi har ta sami shiga Yarjejeniyar Washinton a matsayin mamba na wucin gadi a 2023.

To, amma a namu ganin, an sake manufa ne kawai, mudun awo yana nan yadda yake. Har yanzu kashi 60 ko 70 cikin ɗari na makin ɗalibi yana rataye ne a kan rubutacciyar jarrabawa ta awa biyu ko uku. Manhaja ta ce ɗalibi ya iya tsarawa da ƙerawa, takardar tambayoyi kuwa ta ce ya bayyana ma'ana, ya lissafo ire-ire. Tun a 1956 Bloom da abokan aikinsa suka nuna cewa tuna abu shi ne matakin ƙasa na ilmi. Ashe ke nan hadda muke aunawa, muna kiranta ƙwarewa.

Bari mu kawo misali daga gida. Manhajar ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Manoman Aliero da Jega da Maiyama, har zuwa Karaye, sun san irin asarar da ruɓewar albasa take jawo musu a rumbu. A ba ɗalibi kilo 100 na albasa mai ruwa kashi 88, a ce ya busar da ita har ruwan ya koma kashi 5. Lissafi zai nuna masa cewa abin da zai rage bai kai kilo 13 ba, kuma sai ya fitar da ruwa fiye da kilo 87. Wannan kowa zai iya yi a takarda. Amma da wane zafi zai yi, rana ko gawayi? Idan zafin ya yi yawa, me zai sami launi da ƙamshi? Nawa ne kuɗin? A nan ne ake gane injiniya, kuma awa uku ba ta isa a gani.

Mun san za a ce ai akwai horon masana'antu, wato SIWES, da aikin shekarar ƙarshe. Gaskiya ne, sai dai sau da yawa littafin rahoton da ɗalibi ya cike ake ba maki, alhali malami bai ga hannunsa a kan na'ura ba. Malami guda da ke riƙe da aji cike maƙil, ga ɗakin gwaji ba isasshiyar wuta, dole ya koma wa tambayar da ke da saurin dubawa. Wannan kuwa magana ce ta ɗaukar malamai da sayen kayan aiki, abin da jerin manufofi a takarda ba zai samar ba.