Tsokaci a kan Fassarar Kalmomin "Cell" da "Unit" a Darussan Kimiyya da Lissafi

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya samo asali ne daga wani darasin kimiyya da na saurara a wata ƙaramar sakandare a unguwar Luggere da ke Jimeta. Malamin ya rubuta kalmar "cell" a allo, ya tambayi ɗalibai da Hausa ko sun san ta. Wani ya ce inda 'yan sanda ke kulle mutum ne. Wata ta ce waya ce. Na uku, mai koyon gyaran rediyo, ya ce batir ne. Malam ya ce duk sun yi kuskure, amsar ita ce "ƙwayar halitta". A haƙiƙa babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Luggere ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, sunanta ma na Fulatanci ne. Yara da dama a nan da Fulatanci ko Bata ko Bachama ko Chamba suke tashi a gida, Hausa kuwa ita ke haɗa su a kasuwa da filin wasa. Irin wannan yaro ba shi da ɗanɗanon ɗan asalin harshe da zai cike masa giɓi idan kalma ta zo da harshen damo. Abin da malam ya ba shi, shi zai riƙe.

2.0 Inda Matsalar Take

An yi ayyukan a yaba wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa da Fulatanci. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Sai dai tsarin da aka fi bi a irin waɗannan ayyuka, wato a ajiye kalmar Ingilishi a sa mata takwara a gefe, ya ginu ne a kan zaton cewa kowace kalma ma'anarta ɗaya. Kalmomin nan biyu sun isa su rushe wannan zato.

3.0 Kalmar "Cell"

Asalinta daga Latin ne, inda take nufin ɗan ƙaramin ɗaki. A 1665 Robert Hooke ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, sai ya kira su da wannan suna. Duk sauran ma'anonin daga ɗakin nan suke. Batirin mota mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane yana ba da kimanin bolt 2. Wayar hannu kuma an raba mata ƙasa yanki-yanki, kowane yanki da ƙarfen sabis ɗinsa. Da malamin ya san wannan, da amsoshin yaran uku sun zame masa tsani zuwa darasinsa.

Abin lura shi ne jama'a ba su jira wani kwamiti ba. Ɗakin 'yan sanda sun kira shi "bayan kanta". Wayar da ta bazu a Nijeriya daga 2001 sun kira ta "salula". Cutar jini da ake gado sun ce mata "sikila". Kowane fage da kalmarsa, ba a kuma taɓa jin an rikita su ba.

A aji ne gizo ke saƙar. Kalmar "ƙwaya" an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta: ƙwayar hatsi, ƙwayar magani, ƙwayar ido, ƙwayar cuta, ƙwayar zarra. Ita kanta "ƙwayar halitta" ana jin ta a bakin malamai da kafafen yaɗa labarai da ma'ana biyu, wani lokaci tubalin ginin jiki, wani lokaci kuma abin da ɗa ke gada daga iyayensa. Wasu sun koma ga "tantanin halitta", amma an gudu ba a tsira ba, domin tantani fata ce marar kauri, kuma ita ce kalmar da ake buƙata ga mayafin da ya lulluɓe ƙwayar. Ashe ke nan sai a ce "tantanin tantani".

Darasin sikila ya nuna cewa wannan ya wuce gardamar masana. Abin da ake so ɗalibi ya gane shi ne aibin yana cikin abin da aka gada, shi ne kuma yake sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Malamin da kalma ɗaya tak gare shi ga sanadi da sakamako ba zai iya raba su ba. Yarinyar da ta fita daga ajinsa za ta je gwajin jini kafin aure ba ta san abin da ake dubawa ba.

4.0 Kalmar "Unit"

Ita kuma tushenta "ɗaya" ne, wato abu guda da ake ƙirga sauran da shi. Ɗan Luggere yana karo da ita sau da yawa a yini. A lissafi ita ce gidan ɗaya, kafin gidan goma da na ɗari. A littafin karatu ita ce kashi. A asibiti sashe ce. Ranar zaɓe ita ce rumfar zaɓe. Idan an aike shi sayen wuta, "yunit" zai sayo, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya.

Mafi wuya ita ce ta awo. An saba cewa "ma'auni", alhali ma'auni a Hausa kayan aiki ne, kamar sikeli ko rula. Idan aka ce rula ma'auni ce, santimita ma ma'auni ce, ɗalibi ba zai bambance abin da ake awo da shi da adadin da aka yi ittifaƙi a kansa ba. Mudu ya ƙara dagula lamarin, domin shi ne kwanon, shi ne kuma adadin, ga shi mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Amma a hannun ƙwararren malami wannan saɓani shi ne darasin: kamu da taƙi da mudu suna canzawa daga mutum zuwa mutum ko gari zuwa gari, mita da kilo da lita ba sa canzawa.

5.0 Shawarwari

Na farko, a riƙa tsara keɓaɓɓun kalmomi fage-fage. Kowace kalma ta zo da fagenta da bayaninta da jimlar misali.

Na biyu, a haramta wa kalma ɗaya ɗaukar ma'ana biyu a fage ɗaya. Ina ganin a bar "ƙwayar halitta" ga tubalin jiki kawai, a ce "ƙwayar gado" ga abin da ake gada, a bar "tantani" ga mayafi. Haka nan "ma'auni" ya tsaya ga kayan aiki, a gwada "tsayayyen awo" ga su mita da kilo.

Na uku, kalmar da jama'a suka riga suka karɓa, kamar salula da sikila, a shigar da ita manhaja.

Na huɗu, kada a buga kalma sai an gwada ta a aji, a Kano da Sakkwato, da kuma wurare irin Jimeta inda Hausa take harshe na biyu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola za ta iya jagorantar wannan gwaji.

6.0 Kammalawa

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da komawa ga Ingilishi. Wani zai ce to aikin kalmomi ya ƙare. Ban yarda ba. Duk abin da takarda ta ce, da zarar malamin Luggere ya ga ido ya raina fata zai koma Hausa ya yi bayani, kuma da kalmar da ya samu zai yi. Alhakin masu tsara manhaja ne su tabbatar kalmar da ke hannunsa ba ta da fuska biyu.